Malama Rekiya a Kan Hasumiyar Bab Zuwaila

Duk yaron da ya yi firamare a Kurfi cikin shekarun nan ya san Malama Rekiya mai Larabci, gajeruwa, kakkaura, mai dariyar da ake jiyowa daga bayan aji. 'Yar Barkiya ce. Mahaifinta manomin gero ne mai 'yan shanu, kuma a gabansa ta fara biya allo. Ta gama sakandare, ta yi aure, ta haifi uku, sannan ta shiga kwalejin horar da malamai ta Dutsin-Ma, tana zuwa lacca da goyo. Mijinta, Malam Lado, tela ne a bakin kasuwar Kurfi.

Ta haura arba'in lokacin da aka ba ta gurbin ƙaro karatu na shekara guda a Masar. Ita da iyakarta Kano, yau ga fasfo a hannu. Ta so ta noƙe saboda gida, Malam Lado ya ajiye almakashi ya ce, "Ki tafi, Malama. Yara sun tasa, tuwo kuma ba zai gagare mu ba."

A Alƙahira, makonnin farko daga aji sai ɗakin kwana, don motocin garin sun ba ta tsoro. Ana nan wata ɗaliba mai suna Murja, 'yar Dutsin-Ma da ke karatun haɗa magunguna, ta ji labarin an kawo 'yar gida, ta nemo ta.

"Haba Anti, a zo Masar a zauna ɗaki? Ranar Asabar ki shirya, cikin tsohon gari za mu, har wata ƙofa mai hasumiya biyu."

Rekiya ta ɗauro atamfarta ta Sallah. Da suka sauka daga mota kusa da Kasuwar Khalili, sai ta tsaya cak. Mutane ba masaka tsinke. Ga masu fitilun tagulla, ga masu turare, ga Turawa jajur da rana, ga wani a kan keke da katakon gurasa a ka, yana ratsa jama'a da hannu ɗaya. Gine-ginen dutse sun yi sama a dama da hagu, an sassaƙa ayoyi a jikinsu. Ta ɗaga kai ta fara karantawa a fili cike da murna, mutane na bangazarta ba ta ko ji.

"Murja! Wannan rubutun fa ya girmi kakan kakana, ga shi ina karantawa kamar jiya aka yi shi!"

Ta miƙa mata wayarta ta ce ta yi ta ɗauka. Aka ɗauke ta a ƙofar masallaci, aka ɗauke ta riƙe da kofin ruwan rake. Ta ga ana suyar wani abu, ta ɗanɗana, ta tafa hannu ta ce, "Ashe su ma sun san ƙosai!" Ta ga jan abu a randar gilashi, ta kurɓa, ta ce wallahi zoɓo ne, citta kawai ya rasa.

Wajen karatun bango ne aka samu matsala. Ta tsaya bin wata aya da ta zagaya kusurwa, wani mai amalanke ya ratsa tsakaninsu, ayarin 'yan yawon buɗe ido ya biyo baya. Kafin ta sauke kai, babu Murja babu dalilinta, ga waya a hannun Murja.

Ta ce a ranta matambayi ba ya ɓata. Ba ta san sunan ƙofar ba, hasumiya biyun dai ta riƙe. Ta matsa wajen wani dattijo mai sayar da tasbaha, ta gyara murya, ta zubo masa Larabcin littafi, da wasali da komai: ya shugabana, shin za ka shiryar da ni zuwa ga ƙofa ma'abociyar hasumiya biyu?

Dattijon ya saurara har ta dire, ya ɗaga hannuwa ya ce, "Sadaƙallahul azim!"

Maƙwabtansa suka kwashe da dariya. Rekiya ta yi sororo, can ta gane wai maganarta ce ta yi musu kama da karatu, sai ita ma ta ɓarke da dariyar nan tata har ta fi su. Dattijon ya tambaye ta ƙasarsu, ta faɗa, ya dafa ƙirji ya yi mata maraba, ya ce ƙofar da take nema sunanta Bab Zuwaila. Wata mata mai kwandon cefane da ta nufi can ta kama hannunta, suka kutsa. Rabin abin da matar ke faɗa bai shiga kunnen Rekiya ba, amma hira ba ta yanke ba har ƙofar ta bayyana, ƙatuwa, da hasumiyoyinta sun soki sama.

Ta duba nan, ta duba can, ba Murja. Sai ta hangi mutane a can ƙoli suna leƙowa. Ta ce a ranta, mai neman saniya a daji ai tudu yake hawa. Ta yanki tikiti, ta tattare zane, ta yi bisimilla.

Matakalar a murɗe take, ga duhu, ga ƙunci. Gwiwoyinta suka fara ƙorafi. Ta zauna ta huta, ta sake miƙewa, tana haki tana salati. Da ta fito fili iska ta buge ta, ta riƙe dutse gam, ta buɗe ido.

Gari ne har inda ido ya gaji. Hasumiyoyi tsaitsaye kamar karan dawa a gona, ƙubbobi, rufin gidaje da shanya, garken tantabaru na kewayawa. Daidai nan aka fara kiran La'asar, wannan masallaci ya ɗauka, wancan ya karɓa, har sautin ya kewaye ta ta ko'ina. Hawaye suka zubo mata tana dariya.

Da ta leƙa ƙasa, cikin kawunan nan ta hango mayafin Murja ruwan ɗorawa yana kai da kawowa a bakin ƙofa.

"Murja! Ke Murja 'yar Dutsin-Ma! Ɗago kai!"

Masu hoto da ke gefenta suka zabura. Murja ta ɗago, ta ɗora hannu a ka, ta hawo da gudu.

"Anti, kin kusa kashe ni! Mi ya hawo da ke nan?"

"Nemanki. Ba ni wayata, maza kira min Malam."

Fuskar Malam Lado ta fito, tef ɗin awo rataye a wuya, ƙarar keken ɗinki a bayansa. Ta juya masa wayar a hankali ya ga gari. Ya ce, "Ikon Allah. To Malama, riƙe bangon nan da kyau." Kafin ta kashe, rabin layin teloli sun taru a bayansa suna leƙe.

Daga wannan rana, Asabar ba ta sake samun Rekiya a ɗaki ba. Ta koyi Larabcin kasuwa, ta san motar da za ta hau, har sababbin ɗalibai ta riƙa yi wa jagora.

Ta dawo Kurfi bayan shekara, ta koma ajinta. A zangon farko ta je wa hedimasta da magana: ta sha wucewa ta gefen hasumiyar Gobarau a Katsina, ba ta taɓa tsayawa ba, kuma 'yan aji shida ba wanda ya taɓa ganinta, don haka a kai su. Ta bi iyaye gida gida har suka yarda. Ranar tafiya, yara sun cika bas suna ihu, sai ga Malam Lado ya rufe shago, ya sha farar shadda, yana tambayar direba ko akwai sauran wuri a gaba.