Faifan Lawali da ƙafafun da bai gani ba

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai ƙanena Lawali makwancinsa a nan Zinder. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, kuma ba ni da yawan magana. Amma shekara ta zagayo babu wanda ya ambace shi, shi ya sa na sa a rubuta mini wannan.

Lawali makaɗin bibrafon ne, abin kiɗa mai jerin ƙarafa da ake bugawa da 'yan sanduna. Wajen wani tsohon soja ya koya. A gidajen bikin unguwarmu, Kara-Kara, yake kiɗa, kuma ba ya kallon ƙarafan. Ƙafafun masu rawa yake kallo. In tsohuwa ta ja ƙafa, ya ja kiɗan. In 'yan mata suka ƙara sauri, ya bi su.

Wasu masu kiɗan jaz suka ji shi, suka tafi da shi Faransa yin faifai. Aka sa shi ɗakin gilashi shi kaɗai, da na'ura a kunne. Da ya dawo na tambaye shi yadda aka yi.

Ya ce, "Yaya, ko ƙafa ɗaya babu. Dardumar ƙasa na yi ta kallo."

Faifai ya fita. Jaridun can suka ce yana da hannu, amma kiɗan ba rai. Wani malamin lise, wato sakandare, ya fassara masa a majalisar shayi, gaban mutane. Lawali bai yi musu ba, ya ce gaskiya suka faɗa. Ba a sake kiransa Faransa ba. Ya rage zuwa biki, ciwon ƙirji ya kama shi, ya tafi.

Yau ba a neman makaɗi a biki. Ana jona salula da lasifika, ƙafafu su bi na'ura. Da yana raye, ban san wa zai kalla ba. Matan da suka taka masa rawa galibi sun rasu. Na tambayi wata 'yar garin Dakusa da ta rage cikinsu, ta ce ita yanzu ko abin da ta ci jiya ba ta tunawa.

Ɗiyata ta samo mini faifan a salula. Ban kai rabi ba na ce ta kashe. Hannun nasa ne, amma ba shi ba ne.

Abin da ya rage ke nan: faifan, da maganar masu jarida. Kiɗan gaskiyar yana kunnena kaɗai, kunnen kuma ya fara mutuwa. Ranar da na bi shi, babu sauran mai cewa ba haka Lawali yake kiɗa ba.