Kwanukan da Ikilima Ta Kasa Mayarwa

Nababa ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, saboda haka kada wani ya ce hassada ce ta sa nake faɗin wannan. Ni Hussaina na goya shi a Zariya, na san halinsa tun bai iya ɗaura wando ba. Yaron da za a ba shi tsoka ɗaya ya ɓoye a aljihu har sai kiyashi sun tona masa asiri, shi ne yau ake kira Alhaji a Karu.

Ya shigo Abuja da jaka ɗaya. Ya yi tallan ƙwan fitila, ya tsare shagon wani, yanzu yana da nasa na kayan famfo a kasuwar Karu. Allah ya ba shi, ban musa ba. Sannan ya ba shi mata, Ikilima, 'yar guntuwa mai kunya, wadda ban ga abin da ta yi ba da aka haɗa ta da wannan jarrabawa.

Gidan hayar da suke zaune ƙofa shida ne, rabi Musulmi rabi Kirista, kuma kwano ba ya hutawa a tsakaninsu. Ranar Kirsimeti, Mabel, wata malamar asibiti da ke ƙofar da ke kallon tasu, har limamin unguwa take kira ya yanka mata kaji don kowa ya ci hankali kwance. Ta aiko da shinkafa da cinyoyi. Da babbar Sallah kuma a mayar mata da kwanonta cike da naman layya. Ba a mayar da kwano wayam, ko ƙaramar yarinya ta san wannan.

Shekarun farko Ikilima na samun yadda za ta cika kwanukan, domin nama sai an soya, kuma wajen suya hannunta yana kaiwa. Wannan ne ke ci wa Nababa rai. Wai ƙamshin suya yana kiran mutane. Sai ya ce zai sayi firiza, ya ɗebe mu ni da matarsa zuwa wani shago don a ce ya yi shawara.

Mai shagon, Meshak, mutum ne mai gaskiya. Ya nuna mana ta tsaye, mai ƙofa kamar ta firji. Ya ce, "Oga, wannan tana da aljihuna, madam ta buɗe ta ga komai, kuma ba ta cin waje. Sai dai in an ɗauke wuta sanyinta ba ya jimawa." Ya daki murfin ta kwance, wadda ake buɗewa ta sama kamar akwati. "Wannan kuwa ko raguna uku za su shiga, ta riƙe sanyi kwana biyu ko uku. Matsalarta, abin da ya tafi ƙasa an manta da shi. Kuma gajeren mutum hannunsa ba ya kaiwa."

Ikilima ta ce a hankali, "Alhaji, ta tsayen nan ta fi mini."

Bai ma ji ta ba. Ya ce wa Meshak, "Ka ce gajere ba ya kaiwa ƙasa?" Ya juya ya auna matarsa da ido daga ɗankwali har silifa. Wallahi a gabana aka yi. Sannan ya tambaya ko tana da makulli.

Na ce, "Nababa, ka ji tsoron Allah."

Ya ce, "Yaya, riƙe sanyi nake dubawa. Kin san wutar Karu."

Riƙe sanyi! Daga ranar rago ya daina ganin kasko. A yanka, a feɗe, a ƙulla a leda, a jefa ciki, a kulle. Makullin yana haɗe da na shago, yana tafiya kasuwa ya dawo. Kullum da safe ya buɗe da kansa, ya zura rabin jikinsa ciki kamar mai yasar rijiya, ya fito da ƙulli ɗaya na miya. Na bara bai ƙare ba na bana ya hau kansa.

Kwanukan maƙwabta kuwa ba su daina zuwa ba. Ikilima ta ci, ta wanke, ta kasa mayarwa. Ta jera su a saman kabad tana cewa sai Sallah. Sallah ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce. Na ƙirga da idona, kwano goma sha ɗaya. Ta koma shanya kaya da sassafe don kada ta haɗu da Mabel a tsakar gida. Wata rana ta ce mini, "Yaya, ba naman nake so ba. So nake in iya ɗaga kai in gaishe da mutane." Raina ya ɓaci ƙwarai, na sami Nababa na wanke shi tas, ya yi ta danna waya.

A shekara ta uku, mako ɗaya bayan Sallah, taransifomar unguwar ta ƙone. Janareto? Nababa ya sayi mai? Kwana na biyu Ikilima ta durƙusa ta roƙe shi a fitar a raba tun da sauran sanyi. Ya ce gobe za a gyara. Kwana na uku Mabel da kanta ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta ce tana da wutar sola, ya kawo naman ta ajiye masa. Ya ce an gode, ai ba wani abin kirki ba ne a ciki. Tsoronsa kada ta ga yawansa.

Kwana na shida ƙuda suka fara taro a tagarsu. Na bakwai mai gidan hayar ya aiko cewa ko a fitar da abin da ya mutu, ko a fita tare da shi.

Da hantsi aka yi, kowa na tsakar gida. Alhaji Nababa ya ɗaure hanci da hankici yana tura baro zuwa bola, jini da ruwa na ɗiga a bayansa. Sawu huɗu ya yi. Naman Sallah uku ya wuce ta gaban ƙofofin da bai taɓa ba su ko ƙashi ba. Mata suka toshe hanci suna kallo.

Ikilima ba ta yi kuka ba. Ta hau kujera ta sauke kwanukan nan, ta sake wanke su, ta bi ƙofa ƙofa tana miƙawa wayam tana cewa, "Ku yi haƙuri, sun daɗe." Ni da na raka ta sai da na sunkuyar da kai.

Da la'asar Mabel ta dawo da kwanon nata, cike da farfesun kaza, ta ajiye a gaban Ikilima ta fita. Nababa ya fito daga wanka, ya ja kwanon gabansa ya ci cinya biyu. Ya mayar da murfi, ya dubi matarsa.

Ya ce, "Kada a cinye duka. An ce gobe za a kawo wuta."