Kifin da Baba Ya Mayar Ruwa

Baba bai taɓa son London ba, kuma bai ɓoye mini ba. Bayan rasuwar Inna na kawo shi aka yi masa aikin ido. Ido ya buɗe tar, ni kuma na toshe kunnena da maganar komawarsa. Wa zai dafa masa a can? Wa zai tuna masa da magani? Ga flat ɗina a Thamesmead, ga ɗumi, ga asibiti kusa. Ni kuwa in na kafe, na kafe, halinsa na ɗauko. Da ya gaji sai ya daina musu, ya kuma daina cin abincin kirki. Garin tuwon da nake hawa bus har Old Kent Road in sayo, in na tuƙa sai ya yi loma biyu ya ture kwano. Mutumin da ya tsufa yana su a fadamar Haɗeja ya koma zaman bakin taga, kullum yana ramewa a gabana.

Wata Asabar da rani na ja shi dole zuwa tafkin da ke bayan gidajenmu. Muna isa ya tsaya cak.

"Uwata, bado nake gani?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Bado ne kuwa, ganye ya rufe gefen ruwa, ga fararen furanni. Wani tsohon Bature na zaune yana fatsa, yana sauke ƙugiyarsa daidai bakin ganyen. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan ya san ruwa. Da rana kifi a inuwar bado yake kwana." Ya matsa, ya ƙara matsawa, har ya kusa hawa kan mutumin. Kunya ta kama ni. Baturen dai ya yi dariya, ya miƙa masa sandar.

Wallahi hannun da ke rawa in ya ɗauki kofin shayi, ranar ko gezau. Ya soka tana, ya yi bisimilla, ya zura ƙugiyar cikin wata 'yar kafa tsakanin ganye biyu. Can sai zare ya miƙe. Ya fizgo kifi mai zane-zane a jiki, da ƙaya a gadon baya.

"Ƙanin giwan ruwa ne! Uwata, kawo leda, yau akwai farfesu."

Da Baturen ya ga na ciro leda sai ya ce a'a, a tafkin nan mayarwa ake yi. Na fassara.

"A mayar? To me ya zaunar da shi a nan tun safe? Wasa da abinci?"

"Haba Baba, dokarsu ce, don Allah kar ka tara mana mutane!"

Baturen ya jiƙa hannunsa, ya zare ƙugiyar a hankali, ya duba bakin kifin. Ya ce in gaya wa Baba shi daɗinsa ya kama kifi, ya gan shi, ya tabbata lafiyarsa ƙalau. In ya riƙe shi a wajen ruwa, mutuwa zai yi.

Sai Baba ya karɓi kifin, ya durƙusa da gwiwoyin nan nasa masu ciwo, ya tallabe shi cikin ruwa har ya motsa jela ya shige ƙarƙashin bado. Bai ɗago ba ya ce, "Uwata, kin ji abin da ya faɗa? Ai da bakinki kika faɗa mini. Kin kama ni, kin duba ni, lafiyata ƙalau."

Na buɗe baki in yi faɗa kamar yadda na saba, sai kuka ya riga ni. Ina son tsohon nan, ba na son ya tafi, kuma na san gaskiyarsa.

Muna komawa gida na yi masa booking ɗin jirgin komawa Haɗeja, yana tsaye a kaina yana kallo. Ranar ya cinye tuwonsa tas, har ya miƙo kwano a ƙara masa.