Sallamar Mukhtari

Duk wanda ya san Kura a shekarun alif ɗari tara da tamanin ya san Abdussalam mai rediyo. Ɗan gidan Malam Datti ne, gidan allo da tawada, amma shi tun yana ƙarami ba a barin agogo kusa da shi. Da ya sauke, ya taɓa ɗan abin da ya samu na boko, sai ya kafa teburi a bakin kasuwa yana gyaran rediyo da tocila, da rani kuma ya shiga gonarsa ta albasa kamar kowa. Mutum ne marar magana. In ka gaishe shi ya amsa, sai ka ɗauka wani laifi ka yi masa.

Yayansa Mukhtari kuwa, kai! Shi ne bakin gidan. Gaisuwarsa kaɗai ta isa ta sa motar Kano ta tafi ta bar ka. Shi ya yi karatu mai zurfi, ya dawo ya kama aiki a ofishin rabon ruwa, kuma shi aka damƙa wa kwamfutar da aka kawo, wani ƙaton akwati mai gilashi da koren rubutu. Ya koya mata lissafin wace gona za a sakar wa ruwa yau, wace ce sai gobe. Da yake Mukhtari ne, ya ce babu injin da zai fara aiki a ƙasar Kura bai yi sallama ba. Saboda haka da an kunna ta sai rubutu ya fito, "Salamu alaikum," ya tsaya. Can ya sake fitowa, "An tashi lafiya?" ya tsaya. Ina gajiya, yaya mutan gida, kowace da tata tsayawar, sai a ƙarshe ta ce, "To madalla." Tsayawar nan da mahaifiyarsu ya auna ta, Inna Mairama, wadda ba ta amsa gaisuwa sai ta haɗa da addu'a. Yana dariya ya ce injin da ya iya jiran Inna ya iya jiran kowa.

Da ranin tamanin da bakwai Mukhtari ya tafi duba wata ƙofar ruwa ta wajen Bunkure, ran da aka saki ruwa da ƙarfi. Baballe mai gadin ƙofar ya tsinci hularsa da takalmi wari ɗaya. An bi kanal, babbar hanyar ruwan, kwana da kwanaki, an sa masunta, an laluba da gora. Ba a ga gawa ba. Aka yi sadakar uku, aka yi ta arba'in, babu kabarin da za a nuna.

Ofishi ya ɗauki Abdussalam, don shi ya saba buɗe injin yana share wa yayansa. Safiyar farko ya danna makunni shi kaɗai a ɗaki, koren rubutu ya yi masa sallama ya tsaya yana jira. Wallahi ya ji kamar an tsaya a bayansa. Ya amsa mana, ya zai yi? Sallama ce.

Da ya yi shiru da bakinsa da shi ke nan, amma ya faɗa wa Inna. Daga ranar duk Juma'a da hantsi sai ta yafa mayafi ta taka har ofis, ta shimfiɗa 'yar tabarmarta a gaban teburin. Ba ta iya boko ba, shi ke karanta mata. Ya ce "An tashi lafiya?" ta amsa, ta ja addu'arta, tana rufe baki tambaya ta gaba tana fitowa, daidai wa daida, kamar mai sauraro ne a ciki. Malam Datti ya yi faɗa, ya ce ƙarfe ne da waya, ta ji tsoron Allah. Ta ce, "Na san ƙarfe ne, Malam. Ku gaya min inda aka kwantar da shi, in daina zuwa." Bai ƙara maganar ba.

To, gonaki suka yi ta ƙaruwa, injin kuma ya tsufa. Lissafin da a da ake gamawa da hantsi ya koma sai la'asar, ruwa ya riƙa isa ƙarshen kanal a makare, tumatirin mutanen Bunkure yana yaushi a tsaye. Suka zo ofis da kansu, ba su zo da wasa ba, kuma gaskiyarsu ce. A tamanin da tara Injiniya Lukmanu, shugaban sashen, ya dawo daga Kano da sabuwar ƙwaƙwalwar injin a kwali. Ya ce a cire tsohuwar a sa wannan, aiki zai ninka sauri.

Abu ɗaya Abdussalam ya tambaya. "Ranka ya daɗe, abin da Yaya ya rubuta a ciki fa?"

"Ko harafi ɗaya ba zai ɓata ba," in ji Injiniya. Kuma bai yi ƙarya ba, bawan Allah.

Ran Alhamis Abdussalam ya kwance murfin da kansa, bai yarda kowa ya taɓa ba. Ga tsohuwar ƙwaƙwalwar nan, 'yar baƙa mai ƙafafu jere kamar ƙadandoniya, danshin kanal ya sa ta kama mazauninta gam. Ya sa bakin sukudireba a hankali, ya ɗaga nan, ya ɗaga can. Sai ya ji ƙas. Ta fito, amma ta bar ƙafafu biyu a ciki, da kyar ya zaro su da hantsaki. Ya dasa sabuwar, yana duƙe a bayan injin yana gyara waya Injiniya ya kunna. Kafin shayi ya huce lissafin mako ya fito. Aka yi ta sambarka, har shi ma ya yi murmushi, abin da ba a saba gani ba.

Juma'a Inna ta zo, ta shimfiɗa tabarma, ta gyara mayafi. Ya danna makunni. Koren rubutu ya wulga, fit, sallama da gajiya da mutan gida duk suka wuce a ƙiftawar ido, sai ga lambobi sun cika gilashi. Shi bai kai ga ƙarasa "Salamu" ba. Ita kuwa ta riga ta buɗe baki, ta tsaya da amsar a kan harshe. Ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna. Duk harafin yana nan kamar yadda aka faɗa masa. Jiran ne babu, sabuwar ƙwaƙwalwar tana ƙirga shi ta gama tun kafin mutum ya ja numfashi.

Injiniya ya ji tausayi ƙwarai. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, abu ne mai sauƙi. Yanzu sai in sa ta ta riƙa jira."

Ta ce, "Wannan jiranka ke nan, ɗan nan, ba nasa ba."

Ta naɗe tabarmarta ba gaggawa. Sai da ta kai bakin ƙofa ta juyo ta dubi Abdussalam, ba fushi a fuskarta, da ma fushin ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce, "Ran da ya tafi Bunkure ma haka ya yi min. Daga zaure ya jefo gaisuwa, kafin in ajiye ludayi in amsa ya hau babur."

Ba ta sake zuwa ba. Tumatirin Bunkure ya sha ruwa a kan kari a shekarar, aka yi ta lodin kwanduna a bakin titi. Abdussalam ya ƙulle tsohuwar ƙwaƙwalwar da karyayyun ƙafafunta a tsumma, ya ci gaba da aikinsa, shirunsa ya ƙaru. Ma'aikatan ofis sun sha ganinsa da safe, yatsa a kan makunni, yana fara amsa sallama tun bai danna ba, wai ko amsar za ta riski mai sallamar. Har ya bar aikin bai taɓa cim masa ba.