Makaɗin Noman da Na Ɗauko Daga Tsibiri

Abin da na zuba a gonar nan ta hanyar Bakura shi ne buhu goma sha biyu na taki, da iri mai tsada, da hayar shanun huɗa. Abin da nake sa rai kuwa, dami ɗari biyu na gero. Duk wannan ya rataya ne a kan maimai, wato noma na biyu, a yi shi kafin ciyawa ta shaƙe shuka. Damina ta zauna sosai a shekarar, ciyawa tana tashi kamar ana jan ta, ga shi babu ma'aikata. Samarin da suka saba yi mini ƙodago duk sun tafi haƙar zinare wajen Maradun.

Ni ba gadon noma na yi ba. Hatsi nake saye ina sayarwa a kasuwar Mafara. Da tiya ɗaya na fara a kan tabarma, har Allah ya ba ni rumfa da sito. Gonar ma saya na yi a hannun wani da ya koma birni. Saboda haka kowace matsala ta zo mini, da idon ɗan kasuwa nake dubanta.

Da ƙyar na tara dattawa takwas. Na duba su, na duba faɗin gonar, na san kafin su kai gefe, ɗaya gefen ya mutu. Sai na tuna tun ina yaro nake jin cewa kiɗa yana sa hauya sauri. Na je wurin masu tura waƙa a waya aka zuba mini tsofaffin waƙoƙin noma, na sayi lasifika mai caji, na rataye ta a jikin gawon da ke tsakiyar gona.

Waƙa ta yi musu daɗi, har daɗin ya yi yawa. Kowa ya dogara da ƙotar hauyarsa yana saurare, suna gardamar wanda ya fi murya a mawaƙan da. Azahar ta yi ba a ci ko kwatan abin da na auna ba.

Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Alhaji, wanga kiɗa ba mu aka yi ma ba. Mutanen da aka kira ciki duk sun kwanta dama. Wa za ya tashi don an kira uban wani?"

Shi ya gaya mini akwai wani tsoho a Tsibiri, makaɗin noma, wanda da ƙuruciyarsa yana cikin 'yan amshin waƙar da nake sawa. Washegari na hau babur.

Na iske shi a zaure yana tufka igiya. Muka gaisa, muka tambayi gida da iyali da ruwa da gajiya, sannan na ciro waya na kunna masa. Ya sunkuyar da kai yana ji. Can sai ya ɗaga hannu.

"Mai da ta baya kaɗan. Ka ji wanga da yash shigo a makare? Ni na. Goro na bakina."

Na yi shekaru ina jin waƙar nan a rediyo, ban taɓa lura wani ya makara ba. Daga ranar kuwa ba na iya jin ta ban ji shi ba.

Ya ce a gindin tsamiya aka ɗauki waƙar, da rana tsaka. Ma'aikatan rediyo suka zo da na'ura, suka ce faifansu yana da iyaka, in sun ɗaga hannu a tsaya. Mai gidansu, wato mawaƙin da suke yi wa amshi, ya fara da manya, masu gandu da sarakunan noma, yana nufin ya gangaro kan talakawan da suka fi kowa iya hauya. Bai kai kansu ba aka ɗaga hannu. Abin da duniya ta sani a matsayin waƙar, inji shi, kanta ne kawai, gangar jikin ba ta taɓa shiga faifai ba.

Ya kuma gaya mini wani abin da ya fi wannan ba ni mamaki. Wata waƙar fada da ake sawa a bukukuwa har yau, a gona aka haife ta. An yi ta ne don wani manomi mai ƙafa ɗaya gajera. Daga baya wani makaɗin fada ya ji karin ya yi masa, ya cire sunan manomin ya sa na basarake, ya ajiye gangar noma ya ɗauki kotso, gangar sarakuna. Ta fada ta yi suna, ta gona aka manta. Ba da haushi ya faɗa ba. Ya ce haka waƙa take, kamar iri ce, maƙwabci yana ara.

Mai gidan nasu kuma, ya ce, ba ya iya shirya waƙa a zaune. Sai yana noma baiti yake zo masa, su 'yan amshi suna biye a kunyoyin da ke kusa suna kamawa. In gari ya waye an manta wani baiti, ba ya faɗa. Cewa yake da mai kyau ne da ya kwana.

Na ga hira za ta cinye mini rana, sai na shiga abin da ya kawo ni. Na ce, "Baba, nawa za ka yi mini kiɗan yini ɗaya?"

Ya yi dariya har igiyar ta faɗi. "Alhaji, dawa kaz zo taye? Ba a taya ganga. Hwaɗa mani ƙauyukan da ag gefen gonarka."

Na lissafa masa. Kowane na ambata, sai ya ambaci gidajen da ke cikinsa da kakanninsu. Sannan ya kafa sharaɗi: fura mai yawa, goro, kuma ni da kaina in riƙe hauya a kunyar farko. Ya ce ba a gayya mai gona yana inuwa.

Ana gobe aiki, bayan la'asar, ya rataya gangarsa ya bi ƙauyukan, ina biye ina tura babur. Kowane gidan manoma na asali yana da take, wani ɗan gajeren kiɗa da aka yi wa kakansu, wanda duk ɗan gidan ya san shi ko a barci. Sai ya tsaya a ƙofar gida ya buga, ya wuce. A wani gida na ga tela ya taso daga kan keke da zare a baki yana tambayar wa ke kiran kakansa. Daga cikin gidan wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, ta ce, "In ba ka fita gobe, ni in fita!"

Da hantsi mutum ya fi talatin a gonata, har da biyu da suka dawo daga ramin zinare ganin gida.

A nan na ga aiki. Na zaci zai bi wanda ya fi kowa ƙarfi yana zuga shi. Bai yi haka ba. A bayan na biyu a ƙarfi ya je ya tsaya, yana buga masa taken gidansu. Na biyun ya zabura, na farkon ya ji ana kiɗa ba da shi ba ya fusata, sauran suka bi su. Da rana ta yi zafi na lura ya sassauta kiɗan kaɗan-kaɗan yadda ba wanda ya gane, hauyoyi suka bi shi, aka huta ba tare da an tsaya ba. Da iska ta taso ya sake ɗaure shi. In fatar gangar ta saki saboda laima, sai ya juya ta wajen rana yana ci gaba da waƙa da baki.

Ni kuwa ina kunyata ina haki. Ya zo bayana ya yi shiru, don gidanmu ba mu da take. Sai ya ƙirƙiro mini nan take, yana cewa mai awo ya shigo gona, tiya ba ta fidda ciyawa, tumbi ya riga hauya isa ƙasa. Gona ta ɗauki dariya. Wani ya ɗaga murya, "Alhaji, a kawo maka kujera?" Na ce kujerar ubansa. Amma da tsohon ya juya ya ce wanda ya fara da tabarma ya kai ga sito ba rago ba ne, ban san lokacin da na aika aka ɗauko babbar rigata daga kan babur na yafa masa ba. Kafin in kai ƙarshen kunyar na yi masa alkawarin rago, a gaban jama'a, ba wanda ya roƙe ni.

La'asar sakaliya aka gama.

Da kaka na zauna na yi lissafi kamar yadda na saba. Gefen fadama ya riga ya shaƙe kafin gayya, saboda haka dami ɗari da saba'in na ɗaure, talatin sun tafi. Rago ya tafi, riga ta tafi, ga buhu biyu na gero da na aika masa, ga fura da goro. In da 'yan ƙodago na samu, da ban kashe rabin haka ba. Amma ba su samu ba, kuma in da na ƙara mako ina jiran dattawana takwas, ko hamsin ba zan ɗaure ba. Riba ce, ba ƙarama ba. Na yi ciniki da mutane iri-iri a Mafara, amma shi kaɗai ne ya ƙi faɗin farashi, ya karɓi abin da ya fi farashin, ni kuma na biya ina godiya.