Ranar da Torleif Ya Kashe Tsohuwar Na'ura

Shekara ashirin da shida Torleif Brekke ya yi yana kula da kwamfutocin hukumar ba da agaji ga ƙasashen waje a Oslo. A nan ya haɗu da Ragnhild, ma'aikaciyar jinya da ake turawa ƙasa-ƙasa, suka yi aure. Duk inda ta je takan aiko da rahoto da muryarta, tana ba da labarin majinyata, wani lokaci har da dariya. Zazzaɓi ya yi ajalinta shekara goma sha biyu da suka wuce. Tun daga nan, da tsakar rana yakan ɗauki burodinsa da cuku ya sauka ɗakin tsohuwar na'urar da rahotannin ke ciki ya saurari muryar matarsa.

Bana hukumar ta zuba maƙudan kuɗi ta sayi sabon tsarin kwamfuta. Aka ce bayanan shekara goma na baya-bayan nan kawai za a kwashe, sauran a goge.

"Sunniva, ki bar ni in kwafi ko guda ɗaya daga rahotannin Ragnhild," ya roƙi shugabarsa.

"Haba Torleif, akwai sunayen marasa lafiya a ciki. Kai ma ka san doka." Ta kasa haɗa ido da shi. "Ko in sa wani ya goge?"

"A'a. Ni na kafa na'urar, ni zan kashe ta."

Ranar Juma'a ya goge komai da hannunsa, ya zare waya. Bai jira ritaya ba ya ajiye aiki. 'Yarsu shi da Ragnhild ce ta zo ta kwashe kayan teburinsa.