Keken da Injiniya Ya Haɗa Mini

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da wani tseren keke da na shiga a Yerwa, wato Maiduguri, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. Na karye a ƙafa ran nan, amma ba karayar ce ke damuna ba. Shirun da na yi bayanta shi ne.

Lokacin ina ɗinki a unguwar Fezzan, ina da mata da 'ya ɗaya, amma hankalina duk yana kan keke. Duk tseren da samari suka shirya sai na shiga, kuma kullum na uku ko na huɗu nake zuwa. Kusa da shagona akwai wani Ibo, Kirista, mai sayar da kayan keke da gyaran injin niƙa. Ya yi karatun aikin injuna a can garinsu, don haka kowa Injiniya yake ce masa. Tare muke cin gyaɗa da la'asar, kuma in mahaifiyata ta zo wucewa sai ya miƙe ya gaishe ta da Barbarcinsa mai ban dariya.

Shi ne ya ce mini ƙafafuna ba su da laifi, keken ne ya yi nauyi, an yi shi don ɗaukar buhu ba don gudu ba. Ya ce in ba shi wata uku.

Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. Ya kwance keken gaba ɗaya, ya ari sikelin mai gyaɗa ya auna kowane ƙarfe. Ya ƙirga haƙoran da kaca ke hawa, ya auna tsawon ƙafata da zare, ya sauke kan keken ƙasa don in riƙa sunkuyawa iska ta wuce ta bayana. Abin da ya fi ba mutane dariya shi ne gwajinsa. Sai ya ɗora guntun bututu a kan bulo biyu, ya riƙa rataya masa buhunan yashi ɗaya bayan ɗaya har ya lanƙwashe, sannan ya zauna yana nazarin inda ya fara tsagewa. Da haka ya gane inda za a rage ƙarfe da inda ba za a taɓa ba.

Ranar da na fara hawa, a hanyar Zabarmari, ji na yi kamar ba ni ke tuƙi ba. Amma ɗan Adam ba ya ƙoshi. Na dawo na ce ya rage kaurin ƙarafan nan biyu masu riƙe tayar gaba. Ya girgiza kai.

"Abokina, wannan ba za a taɓa shi ba. Na gwada sau uku. In ka faɗa rami da gudu, nan ne duk nauyinka zai sauka."

Na ɗauka tsoro ne kawai irin na masu boko. Ana saura kwana biyu tsere na kai keken wajen wani maƙeri, na tsaya a kansa ya gurje ƙarafan da magagari, na shafa baƙin fenti, na dawo abina.

Ranar tsere ni ne a gaba tun daga farko. Ina jin mutane suna kiran sunan unguwarmu. Muna dawowa ta wajen Maisandari tayata ta daki wani ɗan rami da ban ma gani ba, na ji ƙas, sai ga ni a ƙasa, ƙafata a lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwashewa.

Kafin a gama ɗaure ni magana ta cika gari: Ibo ya haɗa keken banza ya nakasa ɗan mutane. Wasu har cewa suka yi da gangan ne. Kawuna ya je ƙofar shagonsa ya zage shi tas a gaban jama'a. Masu kawo masa gyara suka janye.

Bayan kwana uku Injiniya ya zo duba ni a gida, da lemo a hannu. Sai da ɗakin ya rage mu biyu ya ciro guntun ƙarfen da ya karye daga aljihu. Ya kankare fentin da farce, ga sawun magagari ɓaro-ɓaro. Ya dube ni, ni kuma na dubi bango.

"Ban gaya wa kowa ba," ya ce. "In ka warke, kai za ka faɗa. Allah ya ba ka lafiya."

Na yi niyyar faɗa, Allah ne shaidata. Amma duk wanda ya zo dubiya sai ya tausaya mini ya tsine masa, ni kuma in ji nauyin buɗe baki. Na ce sai na miƙe. Da na fara takawa da sanda na ce sai maganar ta lafa. A haka watanni suka wuce, har ƙasa ta rikice, mutanen Gabas suka fara tattara kayansu. Da na ji haka na dogara sandata na tafi shagonsa. Na tarar da kwaɗo a ƙofa. Mai shagon da ke kusa ya ce shekaranjiya Injiniya ya hau jirgin ƙasa da matarsa da yaransa, kuma da wuya ma in ya yi sallama da mutum uku.

A tsaye a wurin na gaya wa duk wanda ke kusa abin da na aikata. Na je na gaya wa kawuna. Amma wanda ya kamata ya ji yana can inda ban sani ba. Bayan yaƙin basasa na tambayi duk Ibon da ya dawo Maiduguri, ba wanda ya ba ni labarinsa.

Na koyi cewa mai ilimi in ya ce a'a bayan ya gwada, ba tsoro ba ne. Na kuma koyi abin da ya fi wannan ɗaci: gaskiya tana da lokacinta, in ka jinkirta ta don kunya, za ka iya faɗinta daga baya, amma ba za ta ƙara wanke wanda ka bari aka ɓata ba.